Sharhi a kan aikin masu gyaran fankar zuƙe hayaƙi a Garwa

Wannan sharhi ya shafi wani ƙaramin kamfanin gyara da ke nan Garwa, a arewacin Kamaru, wanda ya keɓe kansa ga manyan fankoki na masana'antu, wato masu zuƙe hayaƙi da ƙura da tururi daga gidajen burodi, da wuraren suyar gyaɗa, da ɗakunan girki na otal-otal. Ni ke kula da injuna a wata matsakaiciyar masana'antar matse man gyaɗa, kuma su ne suka riƙe mana fankar tanderun suya tun daga kakar bara har zuwa faɗuwar ruwan bana. Ba zan kama sunansu ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai suka. Hukuncina a kansu shi ne, aikinsu ya fi na sauran masu gyaran da muka saba da su tsada, kuma ya ci kuɗinsa, saboda suna yin awo kafin su ɗora sifana a kan noti.

Manyan kamfanoni irin su SODECOTON, kamfanin auduga wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa take cikin garin nan, suna da nasu ma'aikatan gyara da ɗakunan ajiyar kaya. Mu ƙanana kuwa mun dogara ne ga makanikin gari, wanda yau yana kan injin niƙa, gobe yana kan injin ban ruwa a bakin Binuwai. Ba raina waɗannan bayin Allah nake yi ba, domin da yawansu hannunsu yana da kyau, sai dai fankar da take shan hayaƙi mai zafi tana da nata halin, wanda ba a koyon sa a kan injin niƙa.

Tamu fankar irin mai gidan katantanwa ce, wadda take shaƙar hayaƙi ta tsakiya ta watsa shi ta gefe zuwa bututun da ya fasa rufi. Faɗin farfelarta santimita 60 ne, tana kan shaf, wato sandar ƙarfen da take juya ta, mai kaurin milimita 50, wanda boris biyu suke ɗauke da shi, kuma injin lantarki mai kilowat 7.5 ne yake jan ta da bel uku. Da ɓawon gyaɗa muke hura tanderun, saboda haka abin da fankar take zuƙa ya haɗa da toka mai laushi, da maiƙon gyaɗar da ake soyawa, da danshi, waɗanda idan suka gauraya sai su zama wani baƙin danƙo a jikin fukafukan farfela. Kafin zuwan waɗannan mutane ciwonmu ɗaya ne mai maimaita kansa: boris na ɓangaren farfela ya fara gurnani, ya ɗauki zafi, ya mutu, a sa sabo, bayan 'yan watanni shi ma ya bi sawu. Duk mai gyaran da ya zo yakan ɗora laifin a kan boris ɗin, ya ce jabu aka sayar mana.

Shugaban wannan kamfani, wani dattijo da yaransa suke kira Malam, bai yarda a kashe fankar ba da ya iso. Ya sa aka bar ta tana aiki da wuta a tanderu, ya manna na'urar awon jijjiga a gidan kowane boris ta sama, da ta gefe, da ta tsawon shaf, ya auna zafinsu da na'urar nan da ake haskawa daga nesa, sannan ya maƙala mitar amfiya, mai auna wutar da inji yake ja, a kan kowanne daga cikin layukan wuta uku. Jijjigar ɓangaren farfela ta haura milimita 9 a sakan. Ga fanka irin wannan da aka ɗaure kai tsaye a kan siminti, ƙa'idar ISO 14694 ta ajiye 4.5 a matsayin iyakar wadda aka gama haɗawa, 7.1 matakin gargaɗi, 9 kuwa matakin da ya wajaba a tsayar da ita. Allon injin ya nuna cikakken lodinsa amfiya 15 ne da ɗan ɗori, amma mitar ta nuna yana jan abin da ya zarce haka a dukan layukan. Sai da ya rubuta waɗannan a littafinsa, sannan ya ce a janye wuta, a bar fankar ta ci gaba da juyawa har ta huce.

Da aka buɗe ƙofar gidan farfela aka ga inda gizo yake saƙa. Danƙon hayaƙin ya yi kauri a kan fukafukan, amma ba daidai wa daida ba, domin a wasu wuraren ya bushe ya ɓalle da kansa, a wasu kuma yana nan daram. Malam ya yi mini lissafin a bayan takarda, kuma na sake yin sa da kaina na same shi daidai: idan gefe ɗaya na farfela ya fi ɗaya nauyi da giram 50 kacal, a tazarar santimita 30 daga tsakiya, kuma tana juyi 1450 a minti, to shaf ɗin yana shan fizga mai ƙarfin kusan kilo 35, wadda take zagaya shi sau 24 a kowane sakan. Babu boris na gaskiya ko na jabu da zai daɗe a kan wannan duka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayaninsa cewa kankare rabin danƙon ya fi barin sa duka illa, saboda yaron da ya zura hannu ta ƙofar ya goge fukafukan da hannunsa ya kai ya bar sauran, ƙara karkata nauyin ya yi. Su cire farfelar suka yi gaba ɗaya, suka kankare ta har ƙarfe ya fito fes, suka duba gindin kowane fiffike ko waldarsa ta tsage, suka mayar da ita, sannan suka daidaita nauyinta a wurin da take aiki, ta hanyar maƙala ɗan ƙarfen gwaji, a kunna, a auna, a matsar da shi, har suka gano inda za su yi waldar nauyin dindindin. Wannan aiki ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma shi ne sashen da ya fi kowanne daraja a cikin abin da muka biya.

Yawan amfiyar kuwa daga fuli ya taso, wato faifan da bel yake hawa kansa. Wani mai gyara na baya, da aka yi masa kukan cewa hayaƙi yana taruwa a ɗakin suya, ya sauya fulin inji da wanda ya ɗan fi girma domin fankar ta ƙara gudu. Ta ƙara gudun, amma ƙa'idar fanka ba ta da sassauci: idan gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, iskar takan ƙaru da kashi 10, matsinta da kashi 21, wutar da injin zai ci kuma da kashi 33. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, domin hayaƙin da yake taruwa toshewar bututu ce ta jawo shi, kuma da aka share tokar da ta cika gwiwar bututun aka mayar da fuli mai girman asali, ɗakin ya washe, amfiyar ta sauko ƙasa da abin da allon ya ƙayyade. Bel ɗin ma an ɗaure su tamau domin kada su yi ƙara, wanda hakan ƙarin kaya ne a kan boris. Sun sauya su duka uku a lokaci ɗaya da masu lamba ɗaya, saboda sabon bel a tsakanin tsofaffi shi kaɗai yake ɗaukar lodi, sun daidaita fulin biyu da miƙaƙƙen ƙarfe, sun auna ɗaurin bisa ƙa'idar lotsawar milimita 16 a kowace mita ta tazarar da ke tsakanin fulin, kuma sun dawo bayan fankar ta yi aikin kwana biyu suka sake ɗaure su, tun da sabon bel yakan saki a farkon aikinsa. Wannan dawowa ba mu roƙe ta ba, kuma ba a caje mu kuɗinta ba.

A kan boris ɗin kansa na ga bambancin wanda ya koyi aiki da wanda ya tsince shi. Lambar namu 22210 ce, kuma lambobi biyu na ƙarshe idan aka ninka su sau biyar su ne suke ba da faɗin ramin, wato milimita 50. Abin da aka daɗe ana tsallakewa shi ne alamar C3 da take bin lambar, wadda take nufin an bar ɗan ƙarin sarari a cikin boris ɗin domin idan shaf ya ɗauki zafi ya buɗe kada ya shaƙe shi. A fankar iska mai sanyi ana iya yin sakaci da wannan alama a kwana lafiya, a fankar tanderu kuwa ba a kwana. Sun zare tsohon da abin zarewa mai ƙafa uku, ba da guduma da kurfi ba, sun auna shaf ɗin su tabbatar bai cinye ba, sun ɗumama sabon a cikin mai mai tsabta suna duba ma'aunin zafi kada ya wuce digiri 110, sai ya zame ya zauna a mazauninsa ba tare da an buga shi ko sau ɗaya ba. A cikin watan Janairu aka yi wannan aiki, hazo ya rufe gari, kuma na lura ba su yage takardar boris ɗin ba sai da suka yayyafa ruwa a ƙasa suka rufe ƙofofi.

Giris kuma da awo suka sa shi. Ƙa'idar da masu ƙera boris suke bayarwa ta ƙarin giris ita ce a ninka faɗin boris na waje da kaurinsa, a sake ninkawa da 0.005, wanda ga namu mai milimita 90 da 23 ya kama giram 10 da 'yan kai. Malam ya sa aka auna abin da famfon giris ɗinmu yake fitarwa a matsa ɗaya, ya rubuta adadin matsawar da fenti a jikin bango, ya tara masu aikin tanderu ya yi musu bayani da Hausa da Fulatanci cewa cika gidan boris da giris har ya yi ambaliya zafi yake jawowa, kuma haɗa giris iri biyu yana iya tsinka su duka. Ya ƙara da cewa giris na litiyam da ake sayarwa a ko'ina iyakarsa wajen digiri 120 ne, kuma daga digiri 70 zuwa sama, duk ƙarin digiri 15 yana raba tazarar sa giris gida biyu. Maganar jabu kuwa bai kore ta ba, domin kwalayen da aka buga wa sunan manyan masu ƙera boris irin su SKF ko NSK ko FAG alhali ba daga can suka fito ba suna yawo a kasuwanninmu kamar yadda suke yawo a ko'ina. Ya ɗauki hotunan sabon boris ɗin da kwalinsa a gabana, ya tura ta manhajar SKF Authenticate wadda kamfanin ya tanada domin tantance kayansa, kuma ya miƙa mini tsohon da aka cire ba tare da na tambaya ba.

Akwai wasu gyare-gyare ƙanana da suka yi waɗanda amfaninsu ya fi kuɗinsu. Sun sa faifan alminiyam a kan shaf tsakanin gidan farfela da boris na farko, wanda yake juyawa yana zubar da zafi kafin ya isa boris. Sun huda ramin tsiyayar ruwa a ƙasan gidan, saboda danshin hayaƙi yakan koma ruwa da dare ya kwanta yana cin ƙarfe. Sun kafa mana doka cewa ba a kashe fanka tare da wutar tanderu, sai an bar ta ta ja iska mai sanyi, domin shaf ɗin da ya tsaya cak da zafi yana tura zafin cikin boris ya narkar da giris. Sun kuma gano cewa duk lokacin da muka koma kan janareta fankar da baya take juyawa, saboda an juya layi biyu a wurin haɗin. Fanka mai gidan katantanwa ko da baya take juyawa tana fitar da iska ta hanyar da ta saba, sai dai kaɗan, shi ya sa babu wanda ya lura. A garin da wutarsa ta dogara ga madatsar ruwan Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma ruwanta yakan ja baya a ƙarshen rani, komawa kan janareta ba abin wata-wata ba ne. Sun gyara haɗin, sun sa na'urar da take yanke wuta idan layi ɗaya ya ɗauke, sun saita makarin lodi daidai da allon inji. An ƙera irin wannan injin lantarki mai jan fanka ne domin ya yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, alhali a watan Maris da Afrilu ko a inuwa Garwa tana haura haka, balle a ƙarƙashin rufin kwano kusa da tanderu. Rufin wayar kwayil ɗinsa na aji F ne, mai iyakar digiri 155, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwarsa, saboda haka wanke fukafukan sanyaya na jikin injin da suka yi, da ɗan allon kare zafi da suka kafa masa, ba ado ba ne.

Inda suka gaza kuwa, na farko shi ne alkawarin lokaci. Boris irin su 6205 da 6306 ana samun su a kowane shagon kayan inji, amma 22210 mai C3 sai an yi odarsa daga Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda dogo ya ƙare, ya biyo mota kusan kilomita 280 kafin ya iso, ko kuma a nemo shi daga Kano ta hanyar Yola. Nisan ba laifinsu ba ne. Laifinsu shi ne sun ce mako guda, abin ya kusan cinye wata, kuma a tsawon lokacin babu wanda ya kira ya ce ga halin da ake ciki, sai idan mu muka kira a ce mana kaya yana hanya. Wanda ya san tsawon wannan hanya fiye da kowa bai kamata ya faɗi ranar da ya san ba za ta yiwu ba, ballantana ga mai masana'antar da gyaɗa take jibge a tsakar kakar aiki. Kamfanin da fanka ce kaɗai sana'arsa ya kamata a ce yana ajiye irin waɗannan lambobi ko da biyu-biyu ne.

Na biyu ya fi wannan ɓata mini rai, domin ya saɓa wa sauran aikinsu. Tsakanin bakin fanka da bututu akwai wuyan ƙyalle da yake hana jijjiga ratsawa, kuma namu ya yage. Maimakon ƙyallen zaren gilashi mai jure zafi, wani daga cikin yaran ya yanko tamfol irin na rufe kayan mota ya ɗaura, ba a kuma gaya mana cewa na wucin gadi ne ba. Ba a jima ba ya ƙandare ya tsattsage, hayaƙi ya dawo ɗaki. Da na kai kuka Malam bai yi musu ba, ya zo da kansa ya sa wanda ya dace, bai karɓi kuɗin aiki ba, amma kuɗin ƙyallen mu muka sake biya. A wannan rana ce kuma na tarar an bar murfin bel a jingine da bango bayan an tashi aiki, a wurin da mutane suke wucewa da manyan riguna. Idan dattijon yana tsaye aiki yana tafiya a kan ƙa'ida, idan ya juya baya sai mai kaya ya buɗe ido.

Takardunsu ma suna da gyara. Ƙiyasin farko jimla ɗaya ce da Faransanci, ba a raba kuɗin kaya da na aiki ba sai da na nema, kuma rasit ɗin ƙarshe bai ɗauki ko ɗaya daga cikin awon da aka yi ba. Alkaluman jijjiga da zafi da amfiya suna cikin littafin Malam, sai da na zauna na kwafe su da hannuna, alhali amfanin awo yana cikin kwatanta na yau da na watanni uku da suka wuce, kuma mai fanka ne ya fi kowa bukatar riƙe su. Kuɗin aikinsu ya kusan ninka abin da makanikin gari yake karɓa. Ga gidan burodi ko masana'antar da fankarta take juyawa kullum, wannan bambanci bai kai asarar yini ɗaya na tsayawar tanderu ba, kuma tun da suka gama ba mu sake sayen boris ba. Ga mai ƙaramar fankar bango a ɗakin girki kuwa, kiran su ɓarnar kuɗi ce.

Masu kula da otal-otal da manyan ɗakunan ajiya su lura da wani abu da ya ƙara mini yarda da mutanen nan. Akwai fankokin da ba a kafa su domin aikin yau da kullum ba, sai domin fitar da hayaƙi idan gobara ta tashi, kuma suna ɗauke da alamar ƙa'idar Turai EN 12101-3, kamar F300 mai jure digiri 300 na minti 60, ko F400 mai jure digiri 400 har minti 120. Na ga an kawo musu injin irin wannan fanka domin a sake naɗa masa kwayil, Malam ya ƙi karɓa, ya ce idan aka naɗa shi da waya da fenti na yau da kullum zai juya lafiya a gwaji, amma ranar gobara ba zai kai ko'ina ba, saboda haka sai dai a sauya shi da irinsa mai shaida. Shawarar da yake ba masu irin waɗannan ita ce su riƙa kunna su a kai a kai, domin boris da ya daɗe a tsaye wuri ɗaya yana shan jijjigar gini yakan yi gurbi, giris ɗinsa kuma ya daskare.

Abin da ya rage tsakaninmu da su yanzu shi ne farfelar kanta. Toka da yashin da suke biyo ɓawon gyaɗa sun ci gindin fukafukan har ƙarfen ya yi siriri, kuma sun faɗa mini ƙarara cewa ba za ta kai ƙarshen kakar aiki mai zuwa ba. Sun ba da zaɓi biyu: su ƙera sabuwa a nan da farantin ƙarfe su daidaita ta a kan fankar, ko a yi odar ta masana'anta wadda aka daidaita a kan inji zuwa matakin daidaita nauyi na G6.3, wanda shi ne aka saba nema ga fanka. Ta gida ta fi araha da sauri, kuma na ga hannunsu a walda, amma lanƙwasar fiffike ita take ƙayyade yawan iska da yawan wutar da injin zai ci, kuma kwaikwayon ta da guduma daga tsohuwar da ta riga ta cinye ba abin da zan ɗora kakar aiki a kansa ba ne. Na zaɓi ta masana'anta, na ba da odar tun da damina yayin da tanderu yake hutawa, da sharaɗin a rubuta ranar isowa da lambar kayan a takarda, a kuma ba ni alkaluman jijjiga na ranar da aka ɗaura ta. Tsohuwar za su cike ta da walda su daidaita ta, mu ajiye ta a ɗakin kaya domin ko-ta-kwana.